Wuƙaƙen da Suka Wajaba a Gida, da Yadda Za a Zaɓe Su

Jawabi ga Hakimai da Malamansu, a Ƙofar Kibo, Birnin Zazzau

  Abin da aka umurce ni in yi muku bayani a kansa yau shi ne wuƙar girki. Na sani wani zai ce a ransa, ina ruwan Hakimi da wuƙar madafa, ai wannan sha'anin mata ne. To, a yi mini haƙuri a dubi al'amarin da kyau. Mai gida ne ke fid da kuɗin wuƙa. Uban amarya ne ke sayen kayan da za a jera mata. Ran da yaro ya yanke, ko iyali suka kwana suna gudawa bayan sun ci abinci, mai unguwa ne ke fara ji, daga nan sai Dagaci, sai Hakimi. Ban da wannan kuma, babu gidan da ake girki mai yawa kamar gidan sarauta, inda tukunya ba ta sauka saboda baƙi. Saboda haka maganar ta shafe ku ƙwarai.

Abin da nake so ku tafi da shi kaɗan ne. Wuƙa huɗu sun ishi gida: uku na madafa, ɗaya ta mai gida. Kowace da aikinta, kowace da kaifinta, kowace da wurin ajiyarta. Abin da ya wuce wannan yawanci ado ne da ɓarnar kuɗi.

Dalilin da ya sa huɗu suka isa

Duk wanda ya fita daga nan Ƙofar Kibo ya shiga kasuwar birni, ko ta Tudun Wada, ko ta Sabon Gari, zai ga ana sayar da wuƙaƙe a akwati, guda 6 ko guda 12, suna ta ƙyalli, an jera su daga babba zuwa ƙarama. Yanzu har ya zama kamar ɗakin amarya bai cika ba sai da irin wannan akwati. Amma ya kamata a san dalilin da ya sa aka ƙera su haka. Mutanen Turai sukan gasa nama gaba ɗaya, su kawo shi bisa tebur, sa'an nan a yayyanka, kowa ya ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Suna kuma da wuƙar cuku, da ta man shanu, da ta kifi. Cimarsu ce ta kawo yawan wuƙaƙensu.

Mu kuwa cimarmu dabam take. Namanmu tun yana ɗanye ake yanka shi ƙanana, ya nuna cikin miya. Tattasai da attaruhu da tumatir, turmi ne ko injin markaɗe ke yin aikinsu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa dakawa ake yi. Tuwo kuwa hannu ya ishe shi. Saboda haka in ka shiga gidan da aka sayi irin wannan akwati, bayan shekara guda za ka tarar biyu kaɗai ake taɓawa, sauran suna nan sun yi ƙura, ko yara sun kwashe sun yi wasa da su. Galibi kuma ƙarfen masu araha ba shi da kirki, ba ya riƙe kaifi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da za a zuba a akwatin wuƙa 12 marasa kyau ya isa a sayi huɗu na ƙwarai, har a sami canji.

Wuƙaƙen nan huɗu

Ta fari ita ce wuƙar nama. Tsawon bakinta ya zama kamar inci 7 ko 8, mai ɗan kauri a baya, mai ɗan nauyi a hannu. Aikinta ɗanyen nama, da kaza bayan an fige, da kifi. Kada ta taɓa wani abu ban da waɗannan.

Ta biyu ita ce wuƙar kayan miya da ganye, watau albasa, da kuɓewa ɗanya, da alayyafo, da yakuwa, da kabeji, da latas. Inci 5 ko 6 ya isa, ta zama siririya, mara nauyi. Dalili kuwa shi ne, matanmu da yawa a hannu suke yanka, su riƙe ganye ko kuɓewa da hagu, wuƙa tana tahowa wajen babban yatsa. Wuƙa mai nauyi irin ta masu dafa abinci a otal ba ta dace da wannan riƙo ba, an yi ta ne domin yanka bisa katako. Ko da yake abin da ya fi lafiya shi ne a saba da yanka bisa katakon, amma wanda zai saya wa iyalinsa wuƙa ya duba yadda hannunsu ya saba.

Ta uku ƙarama ce, inci 3 ko 4, ta fere dankali, da ɓare lemo, da yanka mangwaro da gwanda da sauran 'ya'yan itace. Ita ce wadda aka fi ɗauka a yini, ita ce kuma ta fi saurin ɓata, don haka a yi mata wurin ajiya sananne. Doya da rogo da kabewa, in sun fi ƙarfinta, ta biyu ta isa.

Ta huɗu ita ce wuƙar yanka, wadda ke hannun mai gida. Ta zama doguwa, miƙaƙƙiya, mai kube. Da ita za a yanka kaza, da ragon suna, da na layya. Ba a ba da ita a fere rake, ba a tsinka igiya da ita, ba a barinta a madafa. In an gama yanka a wanke ta, a goge, a shafa mata ɗan mai, a mayar cikin kube.

Saura maganar ƙashi. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da aka yi domin sara. Wanda ya sari ƙashin sa da wuƙar nama zai yi mata giɓi, gyaran giɓi kuwa sai an cinye ƙarfe mai yawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa mahauci ya sassara tun a kasuwa. Babban gida da ake yawan yanka, su ne ke bukatar ƙaramin gatari ko adda da aka keɓe domin wannan aiki kaɗai.

Baƙin ƙarfe ko fari?

Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Zazzau. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren da mutanen da suke narka tama a yammacin Samaru. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yawaita, sai narka tama ya yi ta ja da baya har ya mutu. Maƙeranmu na yau da tsohon ƙarfe suke aiki, wanda suka fi so domin wuƙa kuwa shi ne sifirin na mota, gama yana da ƙarfi, yana kuma ɗaukar kaifi. Maƙeri yakan hura shi da gawayi, musamman na ƙirya, ya buga shi bisa uwar maƙera har ya yi siffa, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwa ko mai yana ja domin ya yi tauri. A wurin tsomawar nan gwaninta take. In taurin ya yi yawa wuƙa ta riƙa ɓantarewa, in ya kasa ta riƙa lanƙwashewa.

Wuƙar maƙera tana da kaifi, tana da sauƙin wasawa, in ƙotarta ta karye mai ita yana nan kusa. Aibinta shi ne tsatsa. In aka bar ta da laima, ko aka yanka lemon tsami ko tumatir ba a goge ba, sai ta yi baƙi, har ta ɓata launin albasa.

Farin ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya haɗa shi a birnin Shefild na Ingila a 1913. Asirinsa shi ne wani ma'adini da ake kira kuromiyam, wanda ake zubawa cikin ƙarfe har ya haura kashi 10 cikin 100, shi ke hana ruwa da iska su ci shi. Irin wannan wuƙa ba ta damuwa da tsami, tana da sauƙin wankewa. Amma akwai mai kyau akwai ta banza, kuma rubutun da ke jikinta ba shaida ba ne, domin masu jabu sun iya buga sunan Ingila ko Jamus a kan abin da bai taɓa zuwa can ba.

Shawarar da nake bayarwa ita ce a haɗa biyun. Wuƙar nama da ta yanka a saye su wurin maƙera. Ta ganye da ta 'ya'yan itace su zama na farin ƙarfe. Amfanin wannan biyu ne. Na ɗaya, kowane ƙarfe ya sami aikin da ya dace da shi, kuɗi kuma ya shiga hannun masu sana'ar garinmu. Na biyu, launi kansa ya raba su, ko yarinya ƙarama ta san baƙa ta nama ce, fara ta ganye ce.

Yadda za a gwada wuƙa a kasuwa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya ɗaga wuƙa ya hangi bayanta daga ƙota zuwa tsini, ya ga ko miƙe take. Ya dubi bakinta a haske: inda ya ga kaifin yana walƙiya, nan ne ya dakushe ko ya lanƙwashe. Ya ɗan tanƙwara ta kaɗan, ta ƙwarai takan koma daidai da kanta, ta banza kuwa sai ta zauna a karkace. In akwai magagari kusa, a goga a bakin: in ya ci ƙarfen da sauƙi kamar ana kankare sabulu, ƙarfen ya yi laushi.

Sa'an nan ya dubi ƙota, domin nan ne wuƙa ta fi mutuwa. Wadda ta fi ƙarko ita ce wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshen ƙota, aka kama shi da ƙusa biyu ko uku. Wadda aka soka ɗan guntun ƙarfe cikin roba aka liƙe, ran da aka danna ta da ƙarfi sai ta fita, ta tafi da yatsa. A girgiza a ji ko tana motsi. A duba kuma ko akwai rami tsakanin ƙarfe da ƙota, gama nan jini da maiƙo ke maƙalewa su ruɓe, ruwa ba ya kai musu. Daga ƙarshe, wadda za ta yi aiki da wuƙar ta riƙe ta a hannunta in da hali, domin abin da ya yi wa namiji daidai yakan yi wa mace nauyi.

Wasawa

Mutane da yawa suna tsammani dakusasshiyar wuƙa ta fi aminci a gidan da ke da yara. Ba haka ba ne. Dakusasshiya sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame daga bayan albasa kuwa, duk ƙarfin nan a hannu zai sauka. Mai kaifi takan bi inda aka nuna mata. Maganin yara shi ne ajiya a inda ba su kai.

Kowane gida ya mallaki dutsen wasa wuƙa. A jiƙa shi da ruwa, a kwantar da wuƙa, a ɗaga bayanta kamar kaurin ƙaramin yatsa, a riƙa gogawa daga gindi zuwa tsini, gefe da gefe daidai wa daida. A daina wasawa a bakin kwata, ko dokin ƙofa, ko siminti na tsakar gida, domin suna cinye ƙarfe, suna kuma shafa wa wuƙa ƙazanta. Masu wasawa da inji suna da amfani in wuƙa ta yi giɓi, amma a lura kada su bari bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, gama in ya kai haka taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi. Bayan kowace wasawa a wanke wuƙa kafin ta taɓa abinci.

Tsabta, wadda ita ce babbar magana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da ƙididdiga a 2015, ta ce a kowace shekara mutum kamar miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, kamar 420,000 kuma suna mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Nahiyarmu ta Afirka ita ce ta fi shan wahala in aka dubi yawan jama'arta. Cikin ƙa'idodi biyar da hukumar ta shimfiɗa na kiyaye abinci, ɗaya shi ne a raba ɗanye da dafaffe, har da wuƙa da katakon da ake yanka su.

Ga yadda abin yake faruwa. Ɗanyen nama, musamman kaza da kayan ciki, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Wuta takan kashe su in nama ya nuna sosai, shi ya sa miya ba ta cutarwa. Amma in aka gyara kaza da wuƙa, aka ɗauraye ta sama-sama, aka juya aka yanka latas da tumatir da albasar da za a zuba bisa shinkafa ko kwaɗo, to, an kwashe cutar daga abin da za a dafa an kai ta kan abin da ba zai ga wuta ba. Da dare yara su fara amai da gudawa, a ce iska ce, ko sammu, alhali wuƙa ce ta yi aikin. Wannan shi ne dalilin da na ce wuƙar nama kada ta taɓa kome sai nama. Katako ma ya zama biyu. Gidan da ba su da halin wuƙa biyu, su fara yanka ganye tukuna, nama daga baya, sa'an nan a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, in da hali mai zafi.

Kada a bar wuƙa ta kwana da maiƙo, domin ɓera yakan bi ta kai, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lasa. Kada kuma a jefa ta cikin ruwan wanke-wanke mai kumfa, inda mai wanki zai sa hannu bai gan ta ba. A wanke ta ita kaɗai, a goge, a rataye ta sama ko a sa ta cikin aljihun tebur. Har wa yau, kada a yi gaggawar yanka kaza ko dabbar da ciwo ya kama don gudun hasara. Murar tsuntsaye mai tsanani, farkon bayyanarta a ƙasar nan a nan kusa da mu ne, wajen Jaji, a 2006, kuma masu yanka da masu figa suna cikin waɗanda suka fi shiga hatsarinta. Rigakafi ya fi magani.

Yanka da fiɗa

Malamai sun fi ni sanin wannan, tuni kawai nake yi. Hadisi na 17 cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi ya yi umurni da a wasa wuƙa kafin yanka domin a hutar da dabba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma ana bukatar a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu an dawo ba. Wanda ya tasam ma rago da dakusasshiyar wuƙa, ya tsaya tsakiyar yanka yana neman wata, ya azabtar da dabba, ya kuma jefa halaccin naman cikin shakka. Ragon da aka tara kuɗinsa wata da watanni bai kamata ya lalace saboda ƙyuyar wasa wuƙa ba. A wasa ta tun jajibere, kuma ba a gaban dabbar ba.

Fiɗa kuwa ba aikin wuƙa mai tsini ba ne. Tsini yana huda fata, fatar da ta huje kuwa darajarta ta faɗi wurin majema. Wuƙar fiɗa mai zagayayyen baki ce, fatar akuya da ta tunkiya ma yawancinta da dunƙulen hannu ake raba ta da nama. Makarantar binciken fata da ke Samaru, wadda tushenta ya faro a 1964 domin koya wa jama'a gyaran fata da ƙirgi, tana nan kusa ga mai son ƙarin sani. Wanda bai iya ba ya kira mahauci, ladansa bai kai hasarar fata ba.

In an yanke

In tsautsayi ya auku, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai kyau da sabulu, a ɗaure. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko fetur. Ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, wanda likitoci ke kira tetanos, ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta rauni take shiga. In yankan ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya kasa motsi, a tafi asibiti nan da nan, a kuma nemi allurar rigakafi. Asibitin Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, Asibitin Koyarwa kuma yana Shika. A gargaɗi ungozomomi, wuƙar gida ba ta yanke cibiyar jariri, sai sabuwar reza da ba a taɓa buɗewa ba, mafi kyau ma a haihu a asibiti.

Abin da ake roƙo gare ku

Ranku ya daɗe, a ƙasashenku ku ke da wuƙa da nama, abin da kuka faɗa shi talakawa ke ji. Ana roƙonku abu huɗu. Ku tara Dagatai da masu unguwanni ku karanta musu wannan takarda, su kuma su kai ga magidanta, musamman kafin Babbar Salla da lokacin bukukuwan aure. Ku yi magana da Sarkin Maƙera, a riƙa ƙera wuƙar madafa mai ƙusa a ƙota, mai santsin jiki, wadda ba ta da ramin da ƙazanta za ta ɓuya. Ku yi magana da Sarkin Pawa, masu tsire da balangu su raba wuƙar ɗanyen nama da wadda suke yanka gasasshe da albasa da kabeji. Ku kuma ja kunnen iyaye su san adadin wuƙaƙen gidansu, domin wuƙar da ta ɓace daga madafa wani lokaci a ƙugun yaro ake samunta, ƙarshen abin kuwa ofishin 'yan sanda ne ko maƙabarta.

Ku kuma malamai magatakarda, ku ne alƙalamin Hakimai. Ku rubuta waɗannan ka'idodi a taƙaice, da boko da ajami, a manna a ƙofar fada da bakin kasuwa, ku ba malaman makarantun matan aure su karanta wa ɗalibansu. In wani abu ya shige muku duhu, ku tambayi ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi na yankinku.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Haza wasalamu.